Hoton da Ya Fito da Sunan Baltazar

A kan tulin yashin ƙofar gida aka ƙulla cinikin, ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci. Baltazar Llontop yana tsaye cikin farar rigarsa, ƙanensa Grimaldo yana zaune a kan bulo, hannu ɗaya dafe da kwiɓin hagu. Sati uku ke nan Grimaldo yana ganin jini a fitsarinsa. Ya je wani ɗan asibiti a bayan kasuwar garin Chiclayo, aka shafa masa mai mai sanyi a ciki aka goga abin ɗaukar hoto, likitar ta ce ta ga wata inuwa a ƙodar hagu wadda ba ta kwanta mata a rai ba. Ta ce nata hoton iyakarsa ke nan. Sai ya shiga babbar na'urar nan mai kama da zobe, wadda ake ɗura wa mutum ruwa ta jijiya ta riƙa ɗaukar cikinsa sala-sala, kafin a san ko ruwa ne ya taru, ko tsakuwa ce, ko abin nan da ba a son ambata. A asibitin gwamnati an ce masa layin na'urar ya kai wata biyar. Baltazar kuwa mai gadi ne a kamfanin sukari, yana da katin inshora na wani asibitin kuɗi. Shi in ya ce gobe, goben za a sa shi. Aron katin nan Grimaldo ke nema.

"Katina ba takardar naɗe kifi ba ne," in ji Baltazar. "In aka kama, aikina ne ya tafi."

"Yaya, ko Mama sai mun matso take bambanta mu. Wa zai kama ka?"

 Baltazar ya ɗaga kai ya dubi rodin da ke tsattsaye a saman gidan, shekara bakwai suna cin tsatsa suna jiran bene. Grimaldo birkila ne, ya san ma'anar wannan kallo tun kafin a buɗe baki. Wan ya ce shi zai kawo siminti da bulo, Grimaldo ya kawo hannu: ya zuba dakin, wato rufin kankare, ya ja bango har linta, ba ladan aiki. Daga taga matar Baltazar, Zenaida, ta leƙo ta ce a haɗa da matakala, ai ba da igiya za a riƙa hawa ba. Grimaldo ya ce ya ji. Suka tafa, Baltazar ya goge hannunsa a wando saboda ƙurar siminti, ya shige ciki cin abinci.

Ranar Laraba Grimaldo ya aske gemu, ya sa rigar yayansa, ya tafi asibitin kuɗin da cikinsa ba komai, kamar yadda aka umarta. Tun a mota yake bitar ranar haihuwar Baltazar da lambar katinsa. Hoton da ke jikin katin ya shekara goma, yarinyar da ke karɓar mutane ko ɗaga ido ba ta yi ba. An riga an ɗebi jininsa jiya, an ce ƙodojin za su iya ɗaukar ruwan. Aka ba shi wata riga mai buɗaɗɗen baya, aka kwantar da shi a kan wani siririn gado a ɗaki mai sanyi kamar firij. Mai sarrafa na'urar ta tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya ce akwai kusoshi huɗu a ƙashin bayansa, tun da ya faɗo daga kan gini. Ta duba takarda ta ce, mai gadi kuma da faɗowa daga gini? Ya ce katangar kamfani ce, ɓarawo ya biyo. Ta yi dariya ta soka masa allura.

Da ruwan ya shiga sai ya ji zafi ya bi jikinsa tun daga maƙogwaro har mara, bakinsa ya yi ɗanɗanon tsohon kwabo, har ya zaci ya saki fitsari a gadon mutane. Wata murya daga bango ta ce ya riƙe numfashi. Gadon ya shige zoben ya fito, ya shige ya fito. Ko minti goma ba a yi ba aka ce Don Baltazar, wato Malam Baltazar, ya tashi ya sa kayansa. Ya ɗan jima kafin ya gane da shi ake.

Sakamako kuwa mai kati ake kira. Baltazar ya ce gara shi ya je da kansa, don likitan ƙodar yakan zo kamfani duba ma'aikata, kada a yi rashin sa'a. Ya tafi da Zenaida. Abin da aka faɗa a ɗakin nan Grimaldo bai ji shi ba sai bayan wata biyu, amma ga shi. Likitan ya manna hoton a allon haske, ya nuna musu wani dunƙule kamar lemon tsami a gindin ƙodar hagu, wanda ya sha ruwan allurar ya yi haske. Ya ce ruwa ba ya yin haka, tsakuwa ma ba ta yi. Wannan kansa ce. Ya ce amma an yi sa'a, tana nan cikin ƙodar, ba ta fasa ta ba, ba ta taɓa babbar jijiya ba. Saura a ɗauki hoton ƙirji a tabbatar ba ta yi tsalle zuwa huhu ba, a san matakinta, sai a yanke ta cikin wata guda, mutum ya koma harkarsa. Ya rubuta takardar hoton ƙirjin, ya kuma rubuta ta hutun aiki.

Baltazar ya karɓi takardun biyu. Ta hoton ƙirjin ya bi ta a ranar, ya tuɓe riga ya tsaya da nasa ƙirjin, aka ɗauka. Huhu fes, mana. Likita ya haɗa ƙodar ƙane da huhun wa a fayil ɗaya, ya rubuta mataki na ɗaya, ya yi masa murna. Ta hutun kuwa ya ninke ta ya sa a aljihu yana tunani, don a watan nan kamfani ke sallamar tsofaffin masu gadi, kuma an ce sunansa na cikin jerin.

Da suka dawo Grimaldo yana kan katako yana ɗaure rodi. Ya sauko yana goge hannu. Zenaida ce ta yi magana, fuskarta a sake. Ta ce ya gode wa Allah, ɗan ruwa ne ya taru da 'yar tsakuwa, likita ya ce ya riƙa shan ruwa da yawa da shayin ciyawar nan mai fasa tsakuwa, zai wuce. Grimaldo ya ce a ba shi ambulan ɗin hoton ya gani. Ta ce me zai gani a ciki, shi da karatun takardar siminti ma sai ya haɗa da yatsa. Ta adana shi a kabad don kada yara su ɓata. Mahaifiyarsu, Mama Chona, wadda ke zaune a tsakar gida tana ɓare wake, ta yi alamar gicciye ta ce ita dama ta san ba komai. Grimaldo ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. A ranar har waƙa ya yi a kan katako.

Aka zuba dakin a farkon watan Maris, ana tsakiyar zafi. Maƙwabta sun zo taya ɗaukar kwankare da garwa kamar yadda aka saba, aka dafa agwagwa da shinkafa, aka fasa kwalba a bakin matakala. Grimaldo ya hau ya sauka da garwa a kafaɗa tun safe har la'asar, kuma duk lokacin da ya zaga bayan gida abin da ke fita kamar ruwan wankin nama ne, wani sa'in da gudaji. Ya gaya wa Zenaida. Ta ce ai tsakuwar ce ke fashewa, alamar maganin yana ci. Ta ƙara masa kofi ɗaya a kan ukun da yake sha. Shayin ɗaci gare shi kamar me, ya kuma riƙa tayar masa da zuciya, amma yana sha yana godiya.

Bel ɗinsa ya fara neman sabon rami. Da yamma zazzaɓi kan rufe shi, ya kwana da gumi, gari ya waye ya hau gini. Abinci ya daina yi masa daɗi. Zenaida ta ce wa maƙwabta ƙanen mijinta ya fara iyayi, wai shinkafarta ce ba ta yi masa ba.

Shi kuwa Baltazar ya daina zuwa aiki. Yana kwance a ragar lilo a inuwa, rediyo a kan ciki. Sai ga abokan aikinsa sun fara zuwa gaisuwa da 'ya'yan itace a leda, suna magana ƙasa-ƙasa, suna dafa kafaɗarsa. Wani ya ja Grimaldo gefe ya ce ya yi haƙuri, ya riƙa kula da yayansa, wannan cuta ba ta da kirki. Grimaldo ya je ya tsuguna gaban ragar ya tambaya. Baltazar ya rufe ido ya ce bai so ya tayar masa da hankali ba ne. Wai bayan an yi na Grimaldo shi ma ya ce bari ya gwada, tunda katin nasa ne, sai aka ga abin a ƙodarsa.

"Ka ga ikon Allah," in ji shi. "Kai da ke kuka ba ka da komai, ni da nake lafiya ni ke ɗauke da ita. Ciwonka ne ya cece ni, auta."

Grimaldo ya yi hawaye. Ya ce Yaya ya kwanta kawai, benen nan ko da rarrafe zai gama shi, don yaran su samu abin dogaro. Baltazar ya ce Allah ya yi masa albarka, ya kuma roƙe shi ya miƙo masa mangwaro ɗaya daga ledar.

Kamfani ya cire sunansa daga jerin, don ba shugaban da ke son a ce shi ya kori mai kansa. Asibitin suka yi ta kiran waya a kan ranar tiyata. Baltazar ya ce tsoron wuƙa yake ji, a ba shi lokaci ya gwada addu'a. Likitan ya yi faɗa, ya ce wannan abin ba ya jiran kowa, kowane wata da ya wuce nasa ne. Zenaida ta ce sun ji, za su yi shawara.

Abokan aikin ne suka kawo zancen suyar kaji. A unguwar nan in ciwo ya kama mutum haka ake yi: a buga kati, a bi gida-gida a sayar, ranar Asabar kowa ya zo ya karɓi rabin kaza da dankali, a sa kiɗa, a sha giya, abin da aka tara a bai wa mai jinya. Zenaida ta fara cewa a'a, sannan ta tuna benen ba shi da taga ko ɗaya, ta ce to, tunda sun matsa. Aka buga katin da hoton Baltazar yana kallon sama.

Ranar Asabar ɗin aka rufe layin da kujeru. An zaunar da Baltazar a kujera mai hannu, bargo a gwiwa duk da zafin rana, mutane suna layi suna rungumarsa. Grimaldo aka bai wa suya, don wai ba wanda ya kai shi juriyar wuta. Tun hantsi yake tsaye gaban rabin ganga cike da tafasasshen mai, hayaƙi na shiga idonsa, kwiɓinsa kamar an soka rodi an bar shi. In ya ji jiri sai ya dafa bango. Wata mata ta ce masa ya daina ɓata fuska, ai ba shi ne marar lafiyar ba.

Da yake an sha yin irin wannan taro da ciwon ƙarya a unguwar, mutane sun koyi neman shaida. Zenaida ta san haka. Ta fito da hoton daga ambulan ta manna shi a gilashin tagar falo inda rana ke dukansa, ta zagaye dunƙulen da jan alƙalami don kowa ya gani. Mutane suka riƙa tsayawa da ƙashin kaza a hannu suna girgiza kai.

Doña Eufemia, wata tsohuwa da ta shekara ashirin tana goge-goge a sashen hoto na wani asibiti, ta daɗe a wurin fiye da kowa. Ta sa tabarau, ta karanta sunan da ke kusurwa, ta bi ƙananan hotunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa mai maiƙo. Sai ta waiwaya ta ce da ƙarfi, don kiɗa ya yi yawa, "Don Balta, yaushe aka sa maka ƙarfe a baya ban ji ba? Ga kusoshi huɗu nan suna walƙiya kamar haƙoran gwal."

Baltazar ya yi tari. Zenaida ta ce tsohon abu ne, ta ja tsohuwar ta cusa mata ƙarin dankali. Ba wanda ya kula. Amma gangar man tana kusa da tagar. Grimaldo ya ajiye matsami, ya matso ya duba. Karatu dai ba shi da yawa, amma lambobi aikinsa ne, kuma kwanan watan da ke jikin hoton na Larabar nan ce da ya aske gemu. Ga kusoshinsa huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ga jan da'irar Zenaida a gefensu. Ya tsaya yana kallon cikinsa a jikin taga, mutane na turereniya a bayansa, har wani ya yi masa magana cewa kaji na ƙonewa. Ya koma ya kwashe su. Ya soya sauran har aka watse, don bai san me kuma zai yi da hannuwansa ba.

Washegari da safe, ana tsintar kwalabe, ya same su a kicin su uku, Baltazar da Zenaida da Mama Chona. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a ba shi hotonsa.

Baltazar ya fara da rantsuwa, ya ga ba ta ci ba, ya koma lallashi. Ya ce wallahi niyyarsu su gaya masa, lokaci suke jira, likitoci ma ai sukan ce kada a faɗa wa marar lafiya kai-tsaye don faɗuwar gaba tana kashe mutum kafin cutar. Grimaldo ya ce to ya ji, yanzu ya sani, a kai shi a yanke da katin kamar yadda aka yi hoton. Zenaida ta ce wannan fa ba shiga zobe ba ne na minti goma. Wurin kwanciya sai an dangwala yatsa a na'ura. 'Yan kamfani za su zo dubiya su tarar da wani a gado. Bayan haka kuma Baltazar zai yi ta yawo da ciki ba tabo, ranar da likitan kamfani ya ce ɗaga riga fa? Ta jera su tsaf, ka ji ka san ba yau ta fara jera su ba.

Ya ce to a ba shi ambulan ɗin kawai ya kai asibitin gwamnati, in suka ga abin da ke ciki ba za su sa shi a layi ba.

"Da sunan wa a jiki?" in ji Zenaida. "Kana miƙawa za a tambaye ka wane ne Baltazar Llontop. Ka kai mu gidan yari ke nan, kai ma ka bi mu, don kai ka kwanta a gadon. Ga mutanen unguwa da suka ci kaza jiya. Ka san abin da za su yi mana?"

Ya juya wajen uwarsa. Mama Chona tana kallon wakenta. Ya ce, "Mama, kin sani?"

Ta ce ita tsohuwa ce, abin da aka gaya mata shi ta sani. Sannan ta ce yayansa ke ciyar da gidan nan, 'ya'yansa uku, har da maganin hawan jininta a katin nan ake karɓa. Shi Grimaldo ba mata ba ɗa, Allah ya ba shi ƙarfin jiki tun yana yaro, zai jure. Ya je ya bi layin kamar kowa, za ta riƙa kunna masa kyandir kullum. Ta kamo hannunsa ta ce kada ya zama sanadin rushewar gidan ubansa.

Baltazar ya ce zai riƙa biya masa kuɗin mota zuwa asibiti, kuma maganar matakala ba gaggawa, ya yi ta a hankali.

Grimaldo ya fita ya amayar da shayin safe a gindin tulin yashi.

Ya koma asibitin gwamnati ya fara daga farko, kamar wanda bai san komai ba. Takardarsa ta watan Janairu an ce ta tsufa. Aka sake goga masa ƙaramin hoton, aka sake ganin inuwa, aka sake cewa sai babbar na'ura. Ya ce wa mai rubuta suna shi ya san kansa ce. Matar ta ce kowa a layin nan haka yake cewa, ina shaida?  Aka ba shi ranar tara ga Satumba. Sau biyu yana tsayawa a ƙofar Doña Eufemia da niyyar ya gaya mata, sau biyu yana tuna hannun uwarsa ya wuce.

Ya gama matakalar a watan Mayu, yana zama a kowace taka ya huta. Daga Yuni bai ƙara iya ɗaga bulo ba. Ya koma kwance a ɗakinsa na bayan gida kusa da kejin ɓerayen masar, ƙafarsa ta hagu ta fara kumbura, ga wani busasshen tari da ba ya jin magani. Zenaida ta ware masa kofi da cokali, ta hana yara shiga, ta ce ba a san irin tarin ba. In baƙi suka tambaya sai ta ce giya ce ta ci shi, ko da yake rabonsa da ita tun Kirsimeti. Daga inda yake kwance yana jin masu sa tagogi suna aiki a sama.

A watan Yuli hutun Baltazar ya ƙare, kamfani ya ce ko tiyata ko sabon hoto. Ya je ya kwanta a zoben da nasa jikin, ya riƙe numfashi. Ƙodoji biyu suka fito sumul kamar na ɗan maraƙi. Likitan ya jera tsohon hoto da sabo, ya ga ba dunƙulen kaɗai ya ɓace ba, har kusoshi huɗu sun bi shi. Ya dubi Baltazar ta saman tabarau ya daɗe. Sannan ya tuna cewa in ya tona, asibitinsu ne za a fara tambaya yadda aka yi ba a duba fuska ba, sai ya rubuta cewa mai yiwuwa an yi kuskuren suna a hoton farko, ya rufe fayil. Baltazar bai gaya wa unguwa zancen kuskure ba. Ya ce addu'a ce. Ranar biyar ga Agusta ya hau dutsen Motupe ba takalmi don cika alkawari ga Gicciyen da ake ziyara a can, rabin layin suka raka shi, mata suna kuka, Mama Chona a gaba da kyandir.

Ranar tara ga Satumba aka kai Grimaldo a keke mai ƙafa uku, uwarsa na riƙe da shi. Wannan karon da aka kira suna bai yi jinkirin amsawa ba. An ɗauki ciki da ƙirji gaba ɗaya, da ƙyar ya iya riƙe numfashin. Bayan kwana takwas wata matashiyar likita ta zaunar da su ta juyo musu da allon kwamfuta. Abin ya kai girman mangwaro. Ya fasa ƙodar, ya zura kai cikin babbar jijiyar da ke komawa zuciya, shi ya sa ƙafar ke kumbura. A huhu kuwa ta nuna masa fararen ɗigo-ɗigo, ta ƙirga bakwai ta daina. Ta ce mataki na huɗu ne. Yanka ba zai warkar ba yanzu. Akwai magunguna da za su iya ja masa lokaci, su rage zafi. Ta tambaya ko an taɓa yi masa irin wannan hoton a baya.

Mama Chona ta matse masa gwiwa. Grimaldo ya cire hannunta a hankali ya ajiye mata a cinya.

"An yi, likita. A watan Fabrairu. Kamar lemon tsami yake a lokacin, an ce mataki na ɗaya. Amma ba sunana ne a jiki ba."

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta dubi tsohuwar, ta dube shi. Ta tambaya wa ke riƙe da hoton, ya gaya mata. Sannan ta ce da ya zo da shi a Fabrairu, ko da sunan shugaban ƙasa ne a jiki, da ta san yadda za ta yi. Yanzu kam ko ya kawo ba abin da zai canza a maganin.

A keke, kan hanyar gida, Mama Chona ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ka ji dai da kunnenka, ba abin da zai canza. To a bar zancen a nan, ɗan nan."

Aka kuwa bar shi. Grimaldo ya mutu a farkon Disamba a ɗakin bayan gida, nauyinsa bai kai na buhun siminti ba. A wurin zaman makoki mutane suka yi ta cewa abin a jinin gidan yake, Allah ya ɗauke wa ɗaya ya bar wa ɗaya, Baltazar yana gyaɗa kai yana share ido. Doña Eufemia kaɗai ce ta zo ta tsaya a gaban akwatin gawar, ta ƙi karɓar kofin gahawa daga hannun Zenaida, ta fita ba sallama.

In ana son a san yadda cinikin ya tashi, ga shi. Baltazar ya tsira da aikinsa, an ma mayar da shi gadin rana a ƙofar ofis inda akwai inuwa, kuma har yau masu ciwon ƙoda suna zuwa ya dafa musu kai. Zenaida ta zuba 'yan haya a sama. Mama Chona tana karɓar maganinta a kan kari. Likitan asibitin kuɗi bai amsa tambayar kowa ba. Mutanen unguwa sun ci kaza sun samu abin al'ajabi na ba da labari. Grimaldo kuwa ya ba da bene guda da matakalarsa don a gaya masa abin da ke cikinsa, aka gani tun ana iya cire shi, aka ɓoye masa, ya yi asarar wata bakwai, kuma watannin nan bakwai su ne duk abin da ya mallaka.